Farautar akwatin ɓoye: wasan GPS da ya faro daga bokiti guda a Amurka

Duk wanda ya ɗan zauna a Liyon, Buruksel ko Hambug wataƙila ya taɓa ganinsu. Wani dattijo da tabarau, ko wata mata da ƴaƴanta biyu, sun sunkuya gindin benci a lambun shaƙatawa, waya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana lalube ƙarƙashin katako. Da sun hangi mutum ya doso sai su miƙe, su yi kamar igiyar takalmi suke ɗaurewa. Baƙo zai ɗauka makulli ne ya faɗi, ko kuma wani abin rashin gaskiya suke ƙullawa.

Abin da suke nema ɗan akwati ne da wani wanda ba su taɓa gani ba ya ɓoye, ya kuma wallafa lambobin wurin a intanet. Cikinsa babu zinariya, babu kuɗi. Takarda ce ta sa hannu, wani lokaci da ƴan tarkacen wasan yara. Sunan wasan jiyokashin, kuma a yau akwai irin waɗannan akwatuna fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Wanda ya iya wasan ya iya karanta lambobin wuri, kuma wannan ilimi ne da ke da amfani ga ɗan kabu-kabu a Maraɗi da matafiyi a hanyar Agadas.

Daren da aka cire lulluɓi

Tsarin GPS na sojojin Amurka ne. An harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin a 1978, aka kammala shi a 1995. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓata hanya a 1983, mutum 269 suka mutu, shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin farar hula ma za su amfana da shi. Sai dai sojoji sun riƙa gurɓata saƙon da gangan, ta yadda na'urar farar hula za ta iya kuskure da kusan mita 100.

Kuskuren mita 100 ba ƙarami ba ne. Idan aka zana da'ira da wannan nisa, faɗinta ya haura hekta 3, wato fiye da filin ƙwallo huɗu. Neman gwangwani a irin wannan fili wahalar banza ce. Ranar 1 ga Mayun 2000 shugaba Bill Clinton ya ba da sanarwar daina gurɓatawar, kuma kafin gari ya waye na'urorin da ke hannun mutane sun ninka ingancinsu kusan sau goma.

Ranar 3 ga Mayu, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ko gaskiya ne. Ya ɗauki baƙin bokiti na roba, ya zuba littattafai, kaset ɗin bidiyo, manhajar kwamfuta, danƙo na harbin tsuntsu, gwangwanin wake da littafin sa hannu, ya ajiye shi a bakin daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Ya wallafa lambobin wurin: N 45° 17.460, W 122° 24.800. Ƙa'idarsa ɗaya ce, in ka ɗauki abu ka bar wani. Cikin kwana uku mutum biyu suka gano shi, na farkonsu Mike Teague. Kafin watan ya ƙare Matt Stum ya raɗa wa wasan sunan da ake kiransa da shi yanzu, sannan ranar 2 ga Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75 kacal. Bokitin Ulmer ya daɗe da lalacewa, amma an kafa allon ƙarfe a wurin, masu wasan suna zuwa ziyara daga ko'ina.

Tunanin kansa ya girmi GPS. Tun 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a dajin Dartmoor na Ingila don matafiya su bar katinsu a ciki. Da bayanin baki da kamfas ake neman irin wannan. Abin da Ulmer ya ƙara shi ne lambobi.

Yadda na'urar ke sanin inda kake

Taurarin GPS kusan 30 ne ke aiki, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma aiko saƙo ba dare ba rana: ga ni a wuri kaza, ƙarfe kaza. Na'urar hannunka tana duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisan tauraron. Da taurari huɗu lissafi ya cika: uku don wuri, na huɗu don gyara agogon na'urar, wanda bai kai nasu inganci ba. Saƙon yana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana zama kuskuren mita 300 a ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne na'urar sauraro kawai take yi. Ba ta aika komai sama, ba ta cin mega, ba ta buƙatar rezo. Wayar da ba ta da layi ko kaɗan za ta iya nuna lambobin wurin da take a tsakiyar Tenere. Amfanin rezo shi ne ya gaggauta kamun taurarin da kuma sauko da taswira. In babu shi, wayar da ta daɗe ba ta kama ba tana iya ɗaukar mintoci kafin ta daidaita, sai a tsaya a fili a yi haƙuri. Yawancin wayoyin yanzu kuma ba GPS kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin.

Daga tarin takardu zuwa kwamfutar aljihu

Masu wasan na farko sun sha wahala. Na'ura irin Garmin eTrex mai launin rawaya, wadda ta fito a 2000, kibiya da nisa kawai take nunawa. Bayanin akwatin, girmansa, alamar taimako da abin da waɗanda suka riga ka suka rubuta, duk sai an buga a takarda an fita da su. Lambobin kuma da hannu ake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, in yatsa ya zame a lamba guda sai mutum ya yini yana neman abu a inda babu shi.

Mafita ta farko ita ce riƙe na'ura biyu: GPS a hannun dama, ƙaramar kwamfutar aljihu irin Palm a hagu, cike da bayanan ɗaruruwan akwatuna. Fayil mai suna GPX, wanda ya fito a 2002, shi ya ba da damar kwashe bayanan daga babbar kwamfuta zuwa ƙarama, manhajoji kamar GSAK da CacheMate suna tsara su. A 2003 kamfanin Garmin ya haɗe biyun cikin iQue 3600, kwamfutar aljihu ta farko mai GPS a jikinta, da eriya da ake ɗagawa ta baya. Kuɗinta ya haura dalar Amurka 500. Ba a jima ba Mio 168 ta biyo baya da tsarin Windows.

Cikin mota waɗannan na'urori sun yi kyau. A daji ne aibinsu ya fito. An ƙera su ne don ofis, batirinsu ba ya wuce ƴan awoyi in GPS na kunne, ba sa jure ruwa, kuma faɗuwa ɗaya kan dutse ta isa ta fasa gilashin. Shekarar 2008 ta raba gardama ta hanya biyu. Garmin ya fitar da Colorado da Oregon, na'urorin daji masu ƙwari da ke ɗaukar cikakken bayanin akwati, Apple kuma ya fitar da iPhone 3G mai GPS. Daga nan kasuwar kwamfutar aljihu ta mutu, wayar hannu ta gaji aikinta. Wayar Android da ke aljihun ɗan fada a Damagaram yau ta fi iQue 3600 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Waya ko na'urar daji?

Ga mai farawa, waya ta wadatar. Akwai manhajar kamfanin Groundspeak na birnin Seattle, mai shafin Geocaching.com, wadda ke nuna akwatuna masu sauƙi kyauta, sauran sai an biya kuɗin shekara. Akwai kuma c:geo a Android, wadda ƴan sa-kai ke rubutawa kuma ba a biyan ko dala. Dukansu suna barin mutum ya ajiye bayanai a waya tun yana da intanet. Don taswira marar buƙatar rezo, OsmAnd da Organic Maps suna sauko da ta ƙasa sukutum daga OpenStreetMap.

Raunin waya uku ne: batir, zafi da hasken rana. GPS da fuskar waya a kunne suna zuƙe caji da sauri. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a watan Afrilu zafin Tawa ko Yamai yana haura 40 cikin inuwa. Wayar da ta yi zafi tana rage hasken fuskarta, wani lokaci ta tsaya cak, daidai lokacin da ake buƙatarta. Na'urar daji irin eTrex 10 kuwa batir biyu na AA take ci, irin na tocila da rediyo da ake samu a kowane tebur, tana kai awa 25 da su, tana jure ruwa, kuma fuskarta ta fi fitowa a tsakar rana. Wanda zai yi yawo cikin gari waya ta ishe shi. Wanda zai yi nisa da wutar lantarki, ya nemi na'urar daji ko ya riƙe batirin ajiya.

Mita goman ƙarshe

Kowane akwati yana da shafinsa: lambobi, girma, da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Mai maki 1 na hanya ko mai keken guragu zai isa, mai 5 kuwa sai da igiyar hawa, kwalekwale ko kayan nutso. Girma yana farawa daga ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da bai kai kan yatsa ba, har zuwa bokiti.

Ana zaɓar akwati, kibiya ta nuna hanya, nisa yana raguwa: mita 400, 120, 30. Daga mita 10 kibiyar takan fara rawa, ta ce gabas, ta dawo ta ce yamma. Ba lalacewa ta yi ba. Na'ura mai kyau a fili tana kuskuren mita 3 zuwa 5, ta wanda ya ɓoye akwatin ma ta yi nata kuskuren ranar da ya auna, sai biyun su haɗu. Tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin itatuwa masu duhu abin ya fi muni, domin saƙon yana dukan bango kafin ya iso. Da'ira mai mita 10 faɗinta ya kai murabba'in mita 314, kusan filin gida guda.

A nan gwanaye ke mayar da waya aljihu su buɗe ido. Ina ni zan ɓoye abu a nan? Tarin duwatsu da bai yi kama da na Allah ba, kogon itace, kusa da ta fi sauran sabunta, bayan allon hanya. In an gano, a sa hannu da kwanan wata, a mayar da shi daidai yadda aka same shi, sannan a rubuta a shafin. In ba a gano ba, shi ma ana rubutawa, domin in mutum uku ko huɗu a jere suka rasa, mai akwatin zai san lokaci ya yi da zai je ya duba. Wanda bai san wasan ba suna kiransa magul, kalmar da suka aro daga littattafan Harry Potter, kuma saboda shi ne ake wannan ɗaurin igiyar takalmi na ƙarya.

Wasu akwatunan suna ɗauke da ƙaramin ƙarfe mai lamba, wanda ake ɗauka daga wannan a kai wancan, mai shi yana bin tafiyarsa a taswira. A 2008 Richard Garriott ya ɓoye akwati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, motar bincike Perseverance da ta sauka duniyar Mars a 2021 kuma tana ɗauke da irin wannan lamba a jikinta.

Inda lambobi ke yaudara

Kowane wuri lamba biyu gare shi: nisansa arewa ko kudu da tsakiyar duniya, da nisansa gabas ko yamma da layin Greenwich na Ingila. Nijar duka arewa take kuma gabas, don haka haruffanmu kullum N da E ne. Maraɗi tana wajen N 13° 30, E 7° 06. Yamai tana N 13° 31, E 2° 07. Lambar farko kusan ɗaya ce, ta biyu ce ta raba su da kimanin kilomita 540 a miƙe. Wanda ya rubuta lambobin Maraɗi ya sa W a madadin E, na'ura za ta kai shi Mali, kusa da Banamba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na salon rubutu. Masu jiyokashin suna rubuta digiri da minti, Google Maps kuma ya fi nuna digiri da ɗigo. Digiri ɗaya minti 60 ne, saboda haka 13° 30 daidai yake da 13.5. Wanda ya kwafe shi a matsayin 13.30 ya sauka minti 12 kudu, kuma tunda kowane minti mita 1,852 ne, ya kauce da kilomita 22. Lambar ƙarshe a salon masu wasan, wato kashi ɗaya cikin dubu na minti, ba ta kai mita 2 ba. Shi ya sa ake karanta lambobi sau biyu kafin a tashi.

Akwatin da ya rufe gari

Wasan yana da dokoki, kuma ƴan sa-kai ne ke tantance kowane sabon akwati kafin ya fito a taswira. Ba a haƙa rami a binne shi. Sai da izinin mai wuri. Tsakanin akwati da akwati dole a bar mita 161. Ba a saka abinci, makami, ƙwaya ko giya. Ba a ajiye shi kusa da barikin soja, filin jirgin sama ko makaranta.

Dalilin dokar ƙarshe a fili yake. Ranar 1 ga Yulin 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani mutum yana ajiye akwatin roba ƙarƙashin tukunyar fure a babban titin kasuwa. Aka kira ƴan sanda, aka rufe titin na awoyi, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin. Na jiyokashin ne. Ƴan kasuwa suka yi asarar ciniki, mai wasan da aka gani ya sha tambayoyi.

Ɗan'uwa da ke zaune a Turai ya yi wa wannan labari karatun natsuwa. Bature mai furfura da ke lalube bayan akwatin lantarki za a ce masa mai abin mamaki. Baƙar fata matashi da ya yi haka ba lalle a yi masa wannan uzuri ba, musamman in takardunsa ba su kammala ba. A fara da lambuna da hanyoyin daji, da rana, tare da aboki. In ɗan sanda ya tambaya, a nuna masa manhajar a faɗi gaskiya. Jamus da Faransa suna cikin ƙasashen da wasan ya fi ƙarfi, ƙungiyoyinsu suna shirya haɗuwa kyauta da ranakun kwashe shara, kuma ga baƙon da bai san kowa ba bayan abokan aiki, wannan ƙofa ce ta sanin gari da mutanensa.

Akwai kuma hatsarin da ba a gani. GPS ba ya tona inda kake, amma manhajar da ke kan waya tana iya yi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura taswirar manhajar motsa jiki ta Strava tana fallasa sansanonin soja, saboda sojoji suna gudu da ita a kunne. Hoton da aka ɗauka da waya ma yana iya ɗaukar lambobin wurin a cikinsa. Wanda ya ɓoye akwati a ƙofar gidansu ya sa gidan a taswirar duniya.

A gida fa?

In aka buɗe taswirar wasan, Turai da Amurka cike suke maƙil, Afirka ta Kudu ce ke gaba a nahiyarmu, yankin Sahel kuwa kusan fayau. Halin tsaro ya isa dalili. A ƙasar da jama'a ke cikin fargabar abubuwan fashewa, ɓoye akwati a bakin hanya ko yawo da GPS kusa da shingen jami'an tsaro neman fitina ne, kuma dazuzzukan kan iyaka ba wurin wasa ba ne.

Amma ba sai da akwati a titi ba. Akwai nau'in da ake kira EarthCache, wanda aka fara a 2004, inda babu abin ɓoyewa: ana zuwa wurin ne a amsa tambaya kan dutse, ƙasa ko ruwan da ke wurin. Duwatsun Damagaram sun dace da wannan. Malamin labarin ƙasa yana iya shirya farauta cikin harabar makaranta da izinin darakta, ƴan fada kuma su yi tasu a gonar ɗayansu da sanin mai gari.

Ribar ta wuce nishaɗi. Yawancin unguwanninmu ba su da lambar gida da kowa ya sani, kwatance sai da masallaci, famfo ko mai shayi. Matashin da ya iya karanta lambobi zai iya kiran motar asibiti zuwa ƙofar gida, ya auna iyakar gonar gado, ya rubuta inda rijiya take. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. GPS ba ya ba da ruwa, ba ya kiran agaji inda babu rezo. Abin da yake iya yi shi ne ya gaya wa mutum inda yake, da nisan rijiya ko gari mafi kusa in tun farko an ajiye lambobinsu, ya kuma ba wanda ya fita neman taimako lambobin da zai miƙa wa masu ceto.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka sauko da taswirar jiharku inda kake da intanet. Ka kashe data, ka fita tsakar gida, ka jira lambobin su tsaya, ka rubuta su a takarda. Ka ba ƙanenka gwangwanin madara ya ɓoye a gona, ya turo maka lambobin wurin kawai, sannan ka ga minti nawa za ka yi kafin ka same shi.